Ƙurajen aski sun hana ni sakat, wace reza zan saya?

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Garko. Ga abin da mai ita ya ce, a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai shekara 24, ina koyarwa a firamaren garinmu, ina kuma taɓa noma. Ba mu da wuta, shagon aski mai kilifa kuwa sai an hau babur. Yayana ya kawo min gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu, sai na fara gyaran fuska da kaina. Gemu ina barinsa, kumatu da wuya nake sharewa. To tun da na fara, ba na gamawa ban yanke ba, wuyana ya yi ta raɗaɗi, bayan kwana biyu ƙuraje su feso, wasu har da mugunya, in sun warke su bar baƙin tabo. Na canza reza kala uku a kasuwar Wudil, duk ɗaya. Wani abokina ya ce in nemi wadda ta fi kowace kaifi, wani ya ce in riƙa kankarewa daga ƙasa zuwa sama don gashin ya fita tun daga tushe. Ni da ƙanena muke amfani da abin. Bikina bayan girbi ne, saura wata biyu. Wace reza zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a abin da ke tafe, ya kai mu lokacin lafiya.

Zan zo kan reza, amma ba da ita zan fara ba. Wanda ya canza reza kala uku ya samu abu ɗaya, da wuya a ce matsalarsa a kwalin reza take. Abin da ke wuyanka yanzu shi ne na farko, kuma maganinsa ba zai yi maka daɗin ji ba: ka ajiye reza wata guda cur. Kada ka bi ta kan ƙurji da kaifi ko sau ɗaya. Duk bin da ka yi, kana sare kawunan ƙurajen ne, kana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kana ƙara baƙin tabon da kake kuka da shi. Wata biyu ya rage maka, kuma sun isa: ɗaya na hutun fata, ɗaya na koyon hannu.

Ya kamata ka san yadda ƙurajen nan ke samuwa, domin in ka gane shi, sauran maganar duk za ta zo maka da sauƙi. Gashin fuskar yawancinmu baƙar fata murɗaɗɗe ne, tun daga cikin raminsa a lanƙwashe yake tahowa. Reza kuma in ta yanke shi takan bar masa tsini. Kai manomi ne, ka san tushiyar karan dawa da aka sare a karkace bayan girbi, yadda take shiga tafin ƙafa in an taka. To haka bakin gashin yake zama. Da ya fara tsiro, maimakon ya miƙe waje, sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa ya koma ciki. In kuwa an yanke shi ƙasa da saman fata, ba ya ma samun fitowa, ta ciki yake huda gefen raminsa. Jiki sai ya ɗauke shi baƙon abu ya hau yaƙi da shi, shi ne kumburin da ƙaiƙayin da mugunyar. Fatarmu kuma in ta kumbura ta sace, takan bar duhu a wurin, wanda kan ɗauki watanni kafin ya washe.

Ka ga ke nan shawarar abokinka na biyu ita ce mafi haɗari a gare ka. Kankarewa daga ƙasa zuwa sama, a saɓa wa kwanciyar gashi, tana ɗago gashin ta yanke shi can ƙasa, wuya ya yi sumul yau, jibi ya feso. Mai irin gashinka sumul ba abin nema ba ne. Abin nema shi ne fuska ta yi tsaf a ido daga nesa, amma in ka shafa ka ji ɗan kaushi. Wannan ɗan kaushin shi ne alamar bakin gashin yana waje, bai nutse ba. Ka riƙe wannan, ya fi sunan kowace reza da zan faɗa maka amfani.

A watan hutun, in gashin ya dame ka ka rage shi da almakashi, ko in ka shiga Wudil ran Juma'a a bi maka da kilifa ba tare da an kai ƙasa ba, a bar kamar milimita ɗaya ko biyu. Safe da dare ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka ɗora a wuyan na 'yan mintuna, sannan ka murza a hankali da zagaye. Wannan kaɗai yana saki gashi da yawa. Wanda ka gani ƙuru-ƙuru ya yi lanƙwasa, kansa a cikin fata, ka sa tsinin allura mai tsabta da ka goge da sifirit a ƙarƙashin lanƙwasar ka ɗago shi waje, ka bar shi a nan. Kada ka tsige shi, don sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai taho, ya sake soka. Kada ka haƙa fata neman wanda ba ka gani, kada ka matse ƙurji. Sannan ina roƙonka ka guji abubuwan da ake ba juna a majalisa, man goge haƙori ne, man birki ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ba a sirka ba. Ƙona fata suke yi. Haka man shafawar nan na kemis masu haɗi uku, da ake cewa suna maganin komai: akwai sinadarin sitiroyid a cikin da yawansu, za ka ga kumburi ya kwanta a 'yan kwanaki ka yi murna, amma in aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri, wurin ya yi fari dabam da sauran fuska, ƙurajen kuma su dawo da ƙarfinsu. In ba ma'aikacin lafiya ne ya duba ya rubuta maka ba, bar su.

Hutun nan yana da wata riba. Da gashin ya yi kwana huɗu ko biyar, ka tsaya gaban madubi da rana ka bi wuyanka da ɗan yatsa wuri-wuri. Inda yatsa ya zame da santsi, nan gashin ya kwanta. Inda ka ji turjiya, ka saɓa masa. Za ka yi mamaki. A kumatu galibi ƙasa yake kallo, amma a wuya ba haka ba ne: ƙarƙashin muƙamuƙi yakan nufi kunne ko haɓa, can ƙasan wuya yakan kalli sama, wani wurin ma ya yi gewaye. Mutane da yawa suna ja daga sama zuwa ƙasa a ko'ina suna ganin sun bi kwanciya, alhali a rabin wuyan saɓa mata suke. Ka zana fuskarka a takarda ka sa kibiyoyi, ka liƙa a gefen madubi har hannunka ya haddace.

Yanzu reza. Da farko yayanka ya yi maka gata. Abin askin nan na roba mai jerin baki uku ko biyar, an ƙera shi ne yadda bakin farko zai ɗan ja gashin, na baya su yanke, sai gashin ya koma ƙasa da fata. Ga mai murɗaɗɗen gashi wannan fitina ce. Naka mai baki ɗaya a kowane ja shi ya fi dacewa da kai. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya fara sayar da irinsa a 1903, kuma dabarar tun asali ita ce reza mai araha da za a yi amfani da ita kaɗan a jefar, ba aska ba ce da ake wasawa. Saboda haka gogar da wasu ke yi mata a tafin hannu ko a cikin kofin gilashi don ta ƙara kwana, ba ta dawo da kaifinta, santsin da aka shafa wa bakin kawai take cirewa. Kamfanoni sun daɗe da daidaitawa a kan siffa ɗaya, don haka kowace reza mai baki biyu za ta shiga gidanka.

Abu na farko da za ka duba a jikin kwali shi ne kalmar Stainless, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Irin wannan ta karɓu ne tun 1962 da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da tasa, amma har yau ana yin ta tsohon ƙarfe, wadda in ta kwana da laima sai ka tashi ka ga jan ɗigo a bakinta. Masu rubutun Platinum ko Chrome an ƙara wa bakinsu shafi ne, kuma galibi sun fi tafiya lami lafiya a fata. Ka sayi kwali a rufe, kowace reza a naɗe cikin takardarta. 'Yan ɗigon kakin da za ka gani a tsakiyarta ba lahani ba ne, su ke riƙe ta kada bakin ya gogi takarda. Wadda ake sayarwa ɗai-ɗai a faranti, ta sha rana ta sha damina, bar ta don yankan zare. Akwai jabu kuma a kasuwa na kusan duk sunan da ya yi fice, don haka in ka dace da mai kantin da kayansa ke da kyau, ka riƙe shi.

Batun kaifi kuwa, abokinka na farko yana da rabin gaskiya. Reza marar kaifi ba ta yi wa mai kaurin gashi adalci: tana ja, kai kuma ka danna, ka maimaita wuri ɗaya sau uku, fata ta ɗaye. Amma wadda ta fi kowace kaifi, irin Feather ta Japan da masu aski suka yi ittifaƙi a kan kaifinta, ba ta yafe kuskure, kuma hannunka bai zauna ba tukuna. A ɗaya gefen akwai irin su Derby ta Turkiyya da aka sani da sanyi, wadda a gashi mai tauri takan yi ja. Ni a ganina tsakiya za ka nema: Astra, ko Dorco ta Koriya ta Kudu, ko Lord da Shark na Masar, ko Nacet in ka samu ta gaske, ko da yake ita ta ɗan fi waɗancan kaifi. Ba lalle ka shiga Kano neman wata ta musamman ba. A cikin kala ukun da ka riga ka saya, Tiger ce ko Super-Max ko wata, ka ɗauki wadda aka rubuta mata Stainless kuma ka ji ta fi rashin ja, ka tsaya a kanta mako biyu ba canji. Fuska ta bambanta, wadda ta yi wa wani daɗi ta kan ƙi wani, ba kuma za ka gane taka ba in yau ka canza reza, gobe sabulu, jibi hannu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Kowace reza aski uku ya ishe ta a gashi irin naka, in ta kai huɗu ta yi ƙoƙari. Ranar da ka ji ta fara jan gashi tun a jan farko, ranar ta gama aiki, ko da askinta na biyu ne.

Sa ta a gidanta ma akwai lura. Galibin irin naka kashi uku ne: murfi mai ƙusa a tsakiya, faranti, da ƙota. Ka kifa murfin a tafin hannu, ka riƙe rezar ta gajerun gefunanta biyu marasa kaifi ka zura, ka ɗora faranti, ka murɗa ƙota har ka ga rezar ta ɗan lanƙwashe ta bi bayan murfin. Masu farawa da yawa suna kifa farantin a juye, sai ko dai abin ya ƙi yanka, ko bakin ya fito tsirara. Bayan ka ɗaure, ka ɗaga shi saitin haske ka leƙa ta sama: bakin da ya leƙo ta dama ya zama daidai da na hagu, kuma a miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Masu araha sukan bar reza ta karkace, sai ka sassauta ka gyara ta ka sake ɗaurewa. In kullum gefe ɗaya ne ke yankarka, a nan za ka fara bincike.

Ina so ran kasuwa ka ɗan tsaya wurin tsohon wanzami ka kalli aikinsa, ba askar ba, abin da yake yi kafin ya buɗe ta. Zai zaunar da mutum a tabarma, ya ajiye zabira gefe, ya tsoma hannu a ɗan kasko ya yayyafa ruwa a kan, ya yi ta murzawa da tafin hannu. Ya ƙara ruwa, ya ƙara murza, suna hira, kai kana ganin kamar ɓata lokaci yake. Sai gashin ya sha ruwa ya yi laushi sannan ya ɗora aska, kusan a kwance, ya ja ɗan taƙi, ya goge a bayan hannunsa, ya ja wani. Ba ya dannawa, ba ya gaggawa. Gashi busasshe tauri gare shi sosai, amma minti biyu zuwa uku a jiƙe da ruwan ɗumi kan sa ya yanku da sauƙi mai yawa. Ina kyautata zaton a nan rabin raɗaɗinka yake, kana shafa ruwa ka shafa sabulu ka hau ja nan take. Ka yi aski bayan wanka, ko ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi minti uku cikakku. Abu ɗaya ne ba za ka kwaikwaya daga wanzami ba: yadda yake miƙe fata da babban yatsa ta yi tsam. A fatar kai da aska wannan daidai ne, amma a wuyanka miƙe fata na turo gashi waje, a yanke shi, da ka saki ya nutse ciki. Ka ɗan ɗaga haɓa kawai, ya isa.

Sabulu kuwa, in ka samu na aski ko man aski na kwalba mai matsawa, madalla. In babu, sabulun wanka marar ƙarfi ya wadatar, ka murza shi da ruwa kaɗan-kaɗan har kumfar ta yi kauri da santsi, ba mai manyan ƙwai da ke fashewa ba. Ban da sabulun wanki da na gari. Sabulun salo yana kumfa, amma wani yana da zafi a fatar da aka bi da reza, don haka ka jira wuyan ya warke kafin ka gwada. In ruwan rijiyarku irin mai zartsin nan ne da sabulu ba ya kumfa a ciki, ka ware ɗan ruwan sama ko na famfo don aski. Buroshi ba dole ba ne, yatsu na yi. In za ka saya, ka sani da yawa daga masu araha da gashin alade ake yin su, ka nemi na roba, wanda ma ya fi saurin bushewa.

Ga yadda za ka riƙe. Ka kama ƙotar ta wajen ƙarshenta da yatsu uku, riƙo sako-sako. Ka ɗora bayan murfin a kuncinka, ƙotar na kallon waje sosai, a haka ba zai yanka komai ba. Sai ka riƙa sauke ƙotar a hankali kana ɗan ja, har ka ji bakin ya fara cin gashi, za ka ji ƙararsa ƙasa-ƙasa. Nan ne wurin, kusan digiri 30 tsakanin reza da fata. In ka sauke fiye da haka kankara kake yi ba aski ba, kuma ita ce ke kawo raɗaɗi. Kada ka danna ko kaɗan. Nauyin ƙarfen ya isa, in fata ta lotsa a ƙarƙashinsa ka yi yawa. Ja gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka ɗaga, ka ja na gaba, ka juya ɗaya bakin, ka ɗauraye. Wuyan hannu ya tsaya cak, dantse ne ke tafiya. Yawancin yanka kuwa daga zamewa gefe yake zuwa, reza ta tafi a tsawon bakinta, don haka kada ka gyara mata zama tana kan fata, ɗaga ta tukuna. A maƙogwaro ka ɗan ja fatar gefe kaɗan ta sauka daga kan tudun, ko ka haɗiyi yawu ka riƙe, ka wuce da ja ɗaya.

Bi ɗaya tak, bisa kwanciyar gashi, shi ne askinka a makonnin farko. Inda babu kumfa reza ba ta komawa. In ka ga saura a kumatu, ka sake shafa kumfa ka sake bi ta hanyar da ka bi. Wuya kuwa ka bar masa saurarsa. Sannan kada ka bar tazara mai tsawo: kowane kwana biyu ko uku, kafin gashin ya yi tsawon da zai lanƙwaso. Lokaci kuma, bayan la'asar ya fi, da sauran haske, ka rataye madubi a bango hannuwanka biyu su zama a sake. Aski da fitilar waya a ɗaki, ko aski da safe a fita gona, gumi da ƙura da ƙaiƙayin gero su sauka a sabuwar fata, duk suna cikin abin da ke hura wutar ƙuraje, balle yanzu da girbi da sussuka ke ƙaratowa.

Da ka gama ka wanke da ruwan randa mai sanyi. Alif ɗin nan da ake jefawa a ruwa don dattinsa ya kwanta, ka samu dunƙule mai santsi naka kai kaɗai, ka jiƙa ka shafa, ka bar shi kamar rabin minti ka ɗauraye. Yana tsayar da ɗan jini, kuma malami ne: inda ya yi maka zafi sosai, nan ka danna ko ka maimaita, gobe sai ka kiyaye. Ka dangwale da tawul ba gogewa ba, ka shafa man kaɗanya ɗan kaɗan, wanda zai nutse ba ya bar maiƙo ba. Bikinka zai faɗo a farkon hunturu, lokacin da fata ke bushewa ta yi ta tsagewa, don haka man nan kada ka yi wasa da shi. Turare mai sifirit a riga za ka fesa, ba a wuya ba. Rezar kuma ka ɗauraye, ka sassauta gidan ka kaɗe ruwan, ka ajiye inda iska ke shiga. Ba a goge bakinta da tsumma.

Makon biki ba makon gwaji ba ne. Kada ka sayi sabuwar kala, kada ka ce yau dai bari in kai ƙasa don hoto. Ka yi askinka na kullum ana gobe ɗaurin aure, da reza irin wadda ka saba, wadda ta riga ta yi aski ɗaya.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ka faɗa a wuce, ita kuwa ta fi ƙurajen tayar min da hankali: kai da ƙanenka abu ɗaya kuke amfani da shi. Daga yau a daina. Kana yanka kanka duk aski, jini na shiga tsakanin murfi da faranti, ko an canza reza gidan na nan da abin da ya ɗauka. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, kuma mutum na iya ɗauke da ita shekaru yana harkokinsa lafiya lau bai sani ba. Nau'in C da HIV su ma ta jini suke bi. Ɗauraya da ruwa ko ɗan gogen sifirit a gurguje ba abin dogaro ba ne. Kuɗin gidan reza na biyu bai kai kuɗin kwana ɗaya na jinya ba, ka saya wa ƙanenka nasa, ka ɗaura wa naka zare a ƙota don kada su cakuɗe. Haka wurin wanzami: yawancinsu yanzu suna da askar da ake sa mata rabin reza, ka ce a ɓare sabuwa a gabanka, ba rashin kunya ba ne, wanzamin kirki ma shi zai fara nuna maka. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ciwon hanta nau'in B da C, da HIV, da rukunin jini na sikila. Kada ka bar shi sai saura kwana uku, ka je yanzu, ka tafi da ƙanenka a gwada shi. Wanda aka samu ba shi da nau'in B ya nemi allurar rigakafinta, guda uku ake yi a tsakanin wata shida. Wanda aka samu yana da ita kuma ba ƙarshen duniya ba ne, ana bibiya, akwai magani mai danne ta.

Gyaran jiki na sunna, wanda hadisin Anas bin Malik ya ce kada ya wuce kwana arba'in, ka ware masa rezarsa dabam, kada wadda ta je can ta dawo fuska. Tsohuwar reza kuma kada ta shiga bola. Ka fi ni sanin inda bolar ƙauye ke ƙarewa: a kwashe ta da taki a kai gona, wani ya taka ba takalmi. Ka kuma fi ni sanin abin da ɗalibanka ke fiƙe fensir da shi da yanke farce. Ka samu gwangwanin madara ka tsaga masa ɗan baki a sama, kowace ta gama aiki ka jefa ciki, in ya cika ka doke bakin ya rufe ka binne shi da zurfi. In da hali ka sayo 'yan mafiƙan fensir ka ajiye a aji.

In ka cika watan hutu ƙurajen ba su kwanta ba, ko mugunya na ƙaruwa da zafi da kumburi, ko ka ga wasu sun taurare sun zama tudu mai sheƙi, musamman a ƙeya ko gefen muƙamuƙi, to wannan ya wuce gyaran hannu. Irin tabon nan mai tudu girma yake yi in an ci gaba da bin sa da kaifi, kuma da wuri aka fi samun kansa. Ka fara da babban asibiti mafi kusa da ku, in sun ga da buƙata su ba ka takarda zuwa wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai kuma mutanen da fatarsu ba ta karɓar reza ko an yi komai daidai. In ka zama cikinsu, ƙaramar kilifa mai caji, wadda za ka cika a wurin masu cajin waya, ita za ta riƙe maka kumatu da wuya tsaf, ka saita ta ta bar milimita ɗaya.